Layin Sanyin Babana

Babana malamin jogarafi ne, kuma akwai wata kalmar Faransanci da yake ji da ita kamar ɗiyar fari: izoshimen. Layi ne da ake ja a taswira, ya haɗa garuruwan da sanyinsu na hunturu ya zo daidai. Tun da nake a Yamai ban taɓa jin wani mahaluki ya furta ta ba sai shi. Ko baƙo ne ya yi kuskuren cewa yau da sanyi, sai Baba ya gyara zama, mu kuwa mu sulale ɗaya bayan ɗaya.

Inna ba ruwanta da taswira. Ma'auninta kwalbar man shanu ce a kan taga. Ranar da man ya daskare, sanyi ya zo ke nan, kuma ni ce farkon wadda ake naɗewa, don tun ina ƙarama nake da ciwon ƙirji. Gidanmu a Kirkisoy yake, kusa da kogi, kuma da iskar asuba ta taso sai numfashina ya kama fito.

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na samu bursi, wato tallafin karatu, a Maroko. Murnata ba ta kai la'asar ba. Inna ta ce ta ji labarin sanyin ƙasar, kuma ba ta raini ɗiya don ta kai wa sanyi ba. Ba inda za ni. Na yi kuka, ƙannenta suka sa baki, ko gezau.

Da lokacin tafiya ya matso, Baba ya ɗauko tsohuwar taswirarsa ya shimfiɗa a tabarma, ya danne gefe da buta.

"Hajiya, matso ki gani. Wannan layin shi ne izoshimen. Duk garin da ke kansa, sanyinsu ɗaya da namu."

Ya ɗora yatsa a kan Yamai, ya bi layin zuwa yamma a natse. Da ya doshi bakin teku sai yatsan ya karkata arewa, ya shiga tsallake layi bayan layi kamar akuya a gonar maƙwabci, har ya sauka a Maroko. Ni da ya koya wa karatun taswirar nan, na gani sarai. Ban tona shi ba, don tafiyar nake so.

Inna ta ce, "To Malam, can ma man shanu daskarewa yake?"

"Kamar na nan, Hajiya. Layi guda ne."

Ta daɗe tana kallonsa. Baba, wanda ko a cinikin tumatir bai iya ƙarya ba, ya duƙufa yana gyara zaman butar.

"Yatsan naka dai ya sha hanya," in ji ta. "Allah ya kiyaye. Amma in yarinyar nan ta yi tari, kai da layinka."

Ranar da na isa Maroko, na buɗe akwati. Ƙarƙashin kilishi da kwalbar man shanun da Inna ta cusa mini, sai ga babbar rigar sanyin Baba, baƙa mai nauyi, guda ɗaya tilo da yake da ita. Da ita yake fita sallar asuba duk hunturu, da ita yake haye gada a babur zuwa lakwal ɗin da yake koyarwa. Mutumin da ya ce sanyinmu ɗaya! Na rungume ta, na yi kukan da ban yi a filin jirgi ba.

Da hunturu ya kankama Inna ta kira ni, dariya na cin ta.

"Ga mai layin nan. Kullum asuba zanena yake yafawa ya tafi masallaci. Mai furanni ma. 'Yan sahun gaba sun gaji da yi masa barka da sabon yayi."

Na ji ya karɓi wayar yana gyaran murya.

"Ɗiyata, yaya sanyin?"

Na dubi kwalbar da ke kan tagata. Man ya yi tauri, ko cokali ba ya shiga. Na san Inna na nan gefensa ta kasa kunne.

"Kamar na gida, Baba. Ai layi guda ne."

Sai ya rage murya.

"Maɓallin wuyan yana da wuyar shiga. Ki daure ki riƙa sa shi."