Ranar da Mai Gadi Bai Fito Ba

Mun tashi da asuba daga Kaduna ranar Lahadin da ta wuce, mu bakwai a motar da aka ƙera don mutum biyar. Ni aka ba gaba. Ba don girma ba ne, direba ne ya dube ni sama da ƙasa ya ce in aka sa ni baya, tayoyin gaba ba za su taɓa kwalta ba har Minna. Na biya kuɗin kujera biyu.

Da yawa cikinku kun tambaye ni me ya kai ni Minna, ba biki ba suna. To, ƙwallo ce. Akwai wani ɗan baya, ɗan ƙasar Sifen, da ya buga wasansa na ƙarshe a ranar. Sunansa na yanka ya fi ƙarfin harshenmu, shi ya sa tun farko ni da abokina Dogo muka raɗa masa Mai Gadi a gidan kallonmu na unguwar Tudun Fulani a Minna. Ranar da muka fara ganinsa, shekara ashirin ke nan, daga benci aka sako shi ana dab da tashi, siriri kamar tsinken tsire, riga na yi masa lilo. Ƙwallon farko da ta zo ta sama ya sa mata kai, wallahi sai da aka ji ƙarar a kasuwar Bosso. Dogo ya juyo ya ce, "Buhu, wannan zai daɗe. Ranar da zai buga na ƙarshe tare za mu kalla, ko ina muke." Muka tafa. Ni ne Buhu, kada wanda ya tambayi dalili.

Abin da ya sa na kasa runtsawa a motar shi ne, shekara takwas rabon da Dogo ya ɗaga wayata. Na tafi ne ban sani ba ko zai yarda mu zauna benci ɗaya.

A Tafa muka tsaya karyawa. Soyayyiyar doya da ƙwai, da shayi mai kauri. Da mai shayin ya faɗi kuɗi sai na tambaye shi ko har da kofin da bencin ya sayar mini. Ya ce, "Alhaji, ai bencin ka riga ka karya shi, shi ma zan sa a lissafi." Wata dattijuwa da muke tafe tare, mai zakara a kwando, ta yi dariya har ta ƙware.

Da muka karya kwana a mararrabar Dikko muka nufi Lambata, nan aka fara rawa ba kiɗa. Tireloli jere kamar an kira su taro. Akwai ramin da muka shiga da hantsi, ina jin ba mu fito ba sai da rana ta take tsaka. Amma damina ta sauka, ƙasa ta yi shar, gonakin doya an tara musu ƙasa tuli-tuli har iyakar ganin ido. A bakin hanya ga matan Gbagyi ɗauke da itace a kafaɗa, ba a ka ba, yadda suka gada. Nan take Dogo ya faɗo mini. Shi ya taɓa gaya mini cewa a wajensu, su Gbagyi, kai na tunani ne, ba a ɗora masa kaya. Na ce, "To kai me ya sa kake dukan ƙwallo da naka tun safe har yamma?" Ya ce nasa ya gama tunanin tun yana firamare.

Bari in gaya muku abin da ya raba mu, tunda hanya ta yi nisa.

Ni da Dogo mu ne tsakiyar bayan ƙungiyar unguwarmu, ni lamba huɗu, shi biyar. Ni jikan ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ɗan manoman gefen Tagwai. Ni masallaci, shi coci. Amma a fili kamar igiya ɗaya aka ɗaure mu da ita. A wajen Mai Gadi muka kwaikwayi tarkon satar gida. Dogo zai daka tsawa, "Fito!" sai mu taka gaba tare, hannu a sama, ɗan gaban abokan hamayya ya tsinci kansa shi kaɗai a bayanmu, mai tuta ya ɗaga. Duk sirrin abin shi ne a fito tare. Mutum ɗaya ya noƙe, tarko ya zama ƙofa.

Wata rana wani baƙo ya zo daga wata babbar ƙungiya, takanas don ya ga wasan Dogo. Sau uku Dogo ya ce fito, sau uku ban fito ba. Ɗan gabansu gudu gare shi kamar an sako kare a bayansa, ni kuma na ji tsoron ya tsere mini a gaban baƙo, na kuma ce a raina in na tsaya baya na ƙwace ƙwallo ɗaya, wa ya sani ko ni ma a rubuta sunana. Uku suka zura mana. Baƙon bai jira an tashi ba. Dogo bai taɓa ce mini komai a kai ba, ni kuma da na ga an yi shiru sai na mai da abin labarin ban dariya. Da yake labari ba ya daɗi sai an sa masa gishiri, sai na juya shi: wai Dogo ne ya ga baƙo ya tsaya gyaran riga da taje gashi, ya manta bai ce fito ba. Shekaru ina ba da shi ana faɗuwa don dariya. Na ƙarshe, a bikin ƙanwar matarsa a Maitumbi na ba da shi, a gaban surukansa da 'ya'yansa. Kowa ya yi dariya ban da mutum ɗaya. Tun ranar wayarsa ta daina sanina.

Mun wuce dutsen Paiko, muka shiga ta Chanchaga wajen ƙarfe ɗaya. Zafin Minna yana nan inda na bar shi, bai tsufa ba. Na tari keke zuwa Tudun Fulani. Mai keken ya dube ni ya ce shata zan ɗauka, don ba inda mutum na biyu zai raɓa.

Gidan kallonmu babu shi. Inda allon sanarwar wasanni yake da, yanzu buhunan abincin kaji ne jere. Filin da muka ci ƙasa a cikinsa an yanka shi fuloti-fuloti, daidai wajen ragar kudu wani ya gina bene mai shuɗin rufi. Na daɗe tsaye ina neman inda nake tsayawa da. Na ƙiyasta dai yanzu bayan gidan wani ne, wanda kuma ya dace da irin wasan da na buga a wurin. Tsohon mai gidan kallon na nan a ƙofar shagon, ya gane ni da tumbi kafin fuska. Ya ce yanzu kowa a waya yake kallo, kowa shi kaɗai, ba mai zagin wani, ba daɗi. Shi ya gaya mini Dogo ya bar gidansa na Maitumbi tuni, ya koma gonar mahaifinsa ta wajen madatsar Tagwai.

Na yi azahar a masallacin unguwar, na sa mai keken ya kai ni. Bayan an bar kwalta hanya ta zama jar laka, sau biyu ina sauka in tura keken da na biya kuɗin hawa. Can sai ga ruwa shimfiɗe, kwalekwale biyu-uku a kai, ƙamshin kifin da ake bandawa na tashi daga bayan gidaje.

Matarsa ce ta fara ganina, ba ta daɗe da dawowa daga coci ba. "Lale, lale, Baban Hauwa! Kai ne yau? Yana bayan gida." Ta kawo ruwa, ta kawo kujerar da ta fi kowace ƙarfi.

Dogo na zaune ƙarƙashin mangwaro yana ɗinkin komar kamun kifi, ƙafa ɗaya a miƙe, gwiwar ta kumbura. Furfura ta cinye masa kai. Ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya? Ya iyali?"

Alhaji. Mutumin da ya shekara talatin bai kira ni da komai ba sai Buhu. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Yau Mai Gadi zai buga na ƙarshe. Ƙarfe huɗu."

Ya ce, "Haka na ji." Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ba wuta a garin tun shekaranjiya, don haka sai wayata. Ita ma ba ta kama sabis sai a kan wani faffaɗan dutse da ake shanya rogo. Bayan la'asar na hau, da nishi da salati, na jingina wayar da kwalbar ruwa. Dogo ya biyo ni da sanda da komarsa, ya zauna can nesa, wai iska ya zo sha.

Sai ga Mai Gadi ya fito gaban 'yan wasa, kambun kyaftin a damtse, gemu da fari-fari. Ƙaramar ƙungiyar garinsu ce, wadda ya koma bayan manyan sun gama cin moriyarsa. Na fara surutu ni kaɗai, da ƙarfi yadda na nesa zai ji. Na tuna lokacin da aka mai da shi tsakiya daga gefen dama. Na tuna kakar da aka fasa masa hanci ya dawo da baƙar kariya a fuska kamar dodo. Na tuna shekarar da gwiwa ta kwantar da shi, muka riƙa zuwa gidan kallo muna zama kamar masu zaman makoki. Na ce jan katin da ya tara, in aka ɗinke su za su yi wa Dogo babbar riga har da hula.

Daga nesa aka ce, "Rabinsu zalunci ne. Ƙwallo yake taɓawa tukuna."

Ban waiwaya ba. Amma kafin a tafi hutun rabin lokaci na ji numfashi a kafaɗata.

Bayan an dawo ne abin ya faru. Aka cillo ƙwallo ta sama. Muka ga Mai Gadi ya buɗe baki ya ɗaga hannu, sauran ukun suka taka gaba tare, shi kuma ƙafa ta ƙi bin umarnin baki. Taki ɗaya ya makara. Ɗan gaba ya sulale, ƙwallo a raga. Mutumin da ya koya mana tarkon, shi ya zama ƙofa a ranarsa ta ƙarshe. Bai dubi mai tuta ba, bai nuna kowa da yatsa ba. Ya juya ga 'yan uwansa ya ɗaga hannu ɗaya, ya bugi ƙirjinsa sau biyu. Filin gaba ɗaya ya miƙe yana tafa masa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗaga hannu, na bugi ƙirji. Na juya na fuskance shi.

"Dogo, ranar nan ka ce fito. Sau uku. Na ji ka. Tsoro ne ya riƙe ni, da son a gan ni."

Ya ajiye komarsa. Sannan ya ce, "Na san ka ji. Har masu sayar da rake a bakin titi sun ji. Ƙwallaye ukun ba su dame ni ba, ko da baƙon ya ɗauke ni gwiwar nan za ta dawo da ni. Amma 'ya'yana har yau sun ɗauka ubansu taje gashi ya tsaya yi."

Na ce a tara su. Ya ce sai an tashi wasa. Sannan ya zungure ni da sanda. "Zauna mana, Buhu, ka tare mana filin gaba ɗaya."

Na zauna. Idona ya kawo ruwa, na ce hayaƙin bandar kifi ne, ya ce iska ba ta wannan gefen take kaɗawa ba.

Saura minti goma a tashi, daidai lokacin da ake shirin canza Mai Gadi don a yi masa ban kwana, wayata ta yi ƙyaf ta mutu. Muka zauna muna kallon baƙin gilashi, tsofaffi biyu a kan dutsen shanya. Ba mu ga fitarsa ba. Dogo ya ce, "Bar shi. A wajenmu yana ciki."

Da yamma a tsakar gida, gaban matarsa da 'ya'yansa huɗu da sakwara da miyar kifi, na ba da labarin yadda ya faru. Karo na farko a rayuwata da na ba da labari ba gishiri, kuma ba wanda ya yi dariya. Babbar 'yarsa ta dubi ubanta wani irin kallo, shi kuma ya sunkuya yana cire ƙaya daga kifin da ba ƙaya.

Washegari da sassafe ya rako ni bakin kwalta yana ɗingishi, da ƙullin bandararren kifi da ya cika motar da ƙamshi har zuwa Kaduna. Fasinjoji suka yi ta tsaki, ni kuwa rungume da shi na iso gida bayan azahar.

Abin da na ɗauko daga Minna ban da kifi shi ne wannan: filinmu ya zama bene, gidan kallonmu ya zama shagon abincin kaji, waɗannan ba za su dawo ba ko na yi kuka da hawayen jini. Abu ɗaya ne ya rage a inda na bar shi, shi ne takin nan ɗaya da ban yi ba, yana jirana in zo in taka. Har yanzu ban nemi hoton fitar Mai Gadi ba, kuma ba zan nema ba. Jiya da hantsi wayata ta yi ƙara. Na ɗaga, ban ko yi sallama ba aka daka mini tsawa a kunne: "Fito!" Ina tsakiyar kasuwa, da tumbina da komai, na taka gaba, hannu a sama.