Yadda Na Koyi Sauka Daga Keke

Ya ku ma'abota wannan shafi, masu sharhi da masu leƙe su wuce: wata bakwai ke nan rabon da ku ji ɗuriyata. Wasu sun ce aure na yi a ɓoye. Haƙiƙa, jinya na yi.

Al'amarin ya faro ne wata Talata da la'asar a cunkoson motocin Kano, ina ƙame cikin jibgegiyar jif ɗina mai baƙin gilashi, wadda ko burodi zan saya a bakin layi sai na tayar da ita. Na kai hannun hagu zan ɗauki gorar ruwa, hannun ya yi mini tawaye. Na buɗe baki zan yi salati, harshe ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.

A asibiti aka auna jinina, aka sake aunawa, aka tura ni ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Likitar, wata mata mai ƙarancin magana, ta ce, "Hawan jini ne ya taɓa maka ɓarin hagu. Shekararka talatin da ɗaya. Yaushe rabonka da tafiyar ƙasa?"

Na gudanar da bincike mai zurfi a kundin tarihina, ban samo amsa ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Ƙafata ta hagu tana kwance a gado kamar ta wani baƙo, ni kuwa tambaya ɗaya ce a raina: shin za ta sake ɗaukata? Kwana goma sha ɗaya na yi, daga allura sai awo, sai ɗakin gashin ƙashi inda ake lanƙwasa ni kamar tabarma. Jif ɗin ce ta biya, domin sayar da ita aka yi.

Da rana maganin kan sa ni gyangyaɗi, kuma mafarkin ɗaya ne kullum. Ina bisa keke a kan sabuwar kwalta mai sheƙi, dawa ta fid da kai dama da hagu, tayoyin ba sa taɓa ƙasa. Hanyar garinmu ce, Sheme, amma ta zamanin da kakana ke ba mu labari. Sai in hango dattawa a inuwa, in kama birki, keken ya ƙi tsayawa, in wuce su kamar iska.

Da aka sallame ni, Sheme aka kai ni, gidan kakan nawa, Baba Alhaji. Ya dube ni ina dogara sanda.

"A'a, mai jif! Mi ya hwaru ka dawo da ƙahwa uku?"

"Baba Alhaji, sandarka na zo gada tun kana raye."

Ya sa aka sauko da baƙin kekensa daga rataye a zaure. Ya saye shi ne a shekarun da kuɗin fetur suka malalo ƙasar nan, lokacin da aka shimfiɗa kwalta, kowa ya ruga sayen babur da doguwar mota. Shi kuwa ya sayar da audugarsa, ya dawo da keke.

"Suka ce mani zamani ya wuce keke," in ji shi. "Na ce to, in na gamu da surukina bisa hanya, hon zan yi mashi?"

Na buga wa mai yi mini gashi a asibiti waya, ya ce in hau, amma a sannu, kuma kada in bar magani.

Hawan bai wahalar da ni sosai ba. Sauka ce musibar. A garinmu ba a wuce dattawa a kan sirdi. Sai ka sauka, ka gaisa, ka tura keken gaba kaɗan, sannan ka hau. Mai sauka kuwa ƙafar dama yake wurgowa, nauyinsa duka ya koma kan ta hagu. Tsakanin gidanmu da kasuwa majalisa uku ce.

A ta farko na kife, keke a kaina, na gabatar da "Barkanku da hantsi" daga ƙasa.

Wani dattijo ya ce, "Ɗan nan, ladabin ya yi yawa."

Haka na yi ta yi, sauka shida a rana, zuwa da dawowa. Ƙafar tana rawa, tana gardama, wata rana ta yarda, wata rana ta tubure.

Ran nan da hantsi, bayan an yi ruwa, ina dawowa ta tsakiyar gonaki, ƙamshin ƙasa na tashi, kaca na waƙarta a hankali, sai na rasa ko a farke nake. Can na hango Baba Alhaji a inuwar ƙofar gida. Na kama birki. Keken ya tsaya. Na wurgo ƙafar dama, ta hagu ta karɓe ni cak, ba ko gezau.

"Barka da hantsi, Baba Alhaji."

Ya daɗe yana duban ƙafar. Sannan ya share ido da bakin rawani, ya ce, "Tafi da shi birni. Amma aro ne, ja'iri."

Alhamdu lillahi. Ina miƙa godiya ga likitar nan, da mai gashi, da dattawan majalisu uku da suka yi mini jinya ba su sani ba.

Shawarata: ku auna jininku tun ba ku ji komai ba. Wanda hannu ko baki ya saɓa masa, a garzaya da shi asibiti nan take. Mai iyali ya nemi ƙaramar mota, ta isa. Ni ma ita na saya, don doguwar tafiya. Wurin aiki da kasuwa kuwa, keke. Hukumomi ma su ware mana gefen titi.

Idan kuma kuka ga wani matashi a Kano ya sauko daga baƙin tsohon keke yana gaishe ku ba gaira ba dalili, ku taimaka ku amsa. Ni ne, magani nake sha.