Ko Yana da Jaki?

Ina 'yar sakandare, ni nake karanta wa kakata littattafai da hantsi tana ɓarar gyaɗa, don ita ba ta yi boko ba. Wata rana muka kai ƙarshen wani labari: alƙali ya mayar wa wani maraya gonar ubansa bayan ta shekara bakwai a hannun azzalumi, ranar kuma ruwan farko ya sauka. Na rufe littafin ina murna.

Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

Ta ce, “Yanzu wahalarsa ta fara. Taki da rani ake kai shi, ga shi har ruwa ya sauka. Wanda kuma ya san gona ba tasa ba ce, tatsar ta kawai yake yi. Bana ciyawar wuta-wuta ce za ta cinye masa gero. Duba mini, yana da jaki?”

Haushi ya kama ni, na bi littafin shafi-shafi don in ƙaryata ta. Babu jaki, babu ko akuyar da za ta tara masa taki.

Na saki baki ina kallon ta. Matar da ba ta san harafi ba ta wuce marubucin da damina guda.

Bayan sallar azahar na ji tana addu'a. Ta ambaci 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ƙara da cewa, “Da marayan nan mai gona, ya Allah ka hore masa jaki.”