Muryar Yaya Hamisu a Fim ɗin Dodo

Shekara goma sha uku ke nan da muka kai Yaya Hamisu makwancinsa, kuma har yau in na bi ta gaban tsohon shagon bidiyo na unguwar Arras, wanda ya koma wurin sayar da katin waya, sai in ji ƙafata ta rage sauri. Mutane in za su tuna mamacinsu sukan kawo zancen kyautarsa ko ibadarsa, kuma Yaya yana da duka biyun daidai gwargwado. Amma ni yau sharhin fim zan yi muku, fim ɗin da ban taɓa ganin mai muninsa ba, domin a cikinsa ne kaɗai muryar yayana ta rage a duniya.

Da rana Yaya mai kiran fasinja ne a tashar Adjamé, shi ke wa motocin Maradi da Damagaram shela. Bayan la'asar sai ya tsallako gada zuwa unguwarmu Treichville, ya zauna gefen talabijin a shagon bidiyon nan yana yi wa 'yan kasuwarmu fassarar finafinai, tunda yawancinsu Faransancinsu bai wuce na ciniki ba. Nasa ma ɗin na tasha ne. Inda ya gane ya fassara, inda bai gane ba ya ƙirƙira, kuma sau da yawa nasa ya fi na Turawan daɗi.

Fim ɗin da nake zance daga talabijin aka naɗo shi, har da tallar sabulu a tsakiya. Sunansa ya ɓace mini, abin da na riƙe shi ne akwai lamba biyu a ƙarshensa. Kashi na biyu ne, na farkon kuwa ban taɓa jin wanda ya gan shi ba a duk Treichville, ina ma zargin masu yin na biyun su ma ba su gan shi ba. Labarin wasu mutane ne a cikin kumbo can sararin samaniya. Wata halitta ta shigar musu, in ta cinye mutum sai ta riƙe muryarsa, ta zo bakin ƙofa tana kiran na ciki da muryar wanda suka rasa. Dodon na roba ne, kamar tsohuwar taya da ta sha wuta. Lungu ɗaya ne a duk kumbon, fitila kawai ake canza masa, yanzu ja, an jima kore, 'yan wasan kuma suna gudun ceton rai kamar masu azumi.

Lokacin da mai shagon ya sayo na'urar da ke ɗora murya a kan kaset, sai aka nemi fim ɗin da in ya lalace ba wanda zai yi kuka, aka gwada da wannan. Ba a sake gwadawa ba, don 'yan kallo sun ce su Hamisu suke so a gabansu, su ja shi da gardama. Da aka gama naɗin na tambaye shi yadda ya ga fim ɗin, ya ce: "Fim ɗin banza ne, Sule. Amma wanda ya rubuta shi ya taɓa binne wani." Dariya na yi masa a ranar.

Ban san me zai ce da faifan yau ba, mai ɗauke da finafinai rututu, kowa na kallo shi kaɗai a ɗakinsa ba mai yi masa bayani. Na fi tunanin fim ɗin nan a watannin rikicin da aka yi a garin nan bana, da muka zauna a kulle, ko da rana tsaka aka buga ƙofa aka kira sunanka ba ka buɗewa sai ka yi tambaya ka sake tambaya. A lokacin dodon robar nan ya daina ba ni dariya.

Yaya ya bar 'ya ɗaya, Rakiya, tana da shekara huɗu ya rasu. A nan ta tashi ta yi makaranta, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen kayan miya ba. Da ƙura ta lafa mahaifiyarta ta ce ta gaji, Maradi za su koma. Ana gobe tafiya Rakiya ta same ni a shagon ɗinkina, ta tsaya tana murza bakin mayafi, ta kira ni baffa da Faransancinsu.

"Tonton, mama ta ce muryar papa tana wurinka."

Tana wurina, cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado, amma danshin lagun, ruwan da ya ratsa garin nan, ba ya barin komai. Farar ƙura-ƙura ta riga ta kama zaren kaset ɗin. Da daɗewa mai gyaran bidiyo na layinmu ya duba shi ya ce mini sau ɗaya zai ƙara ɗauka, shi ma da wuya ya kai ƙarshe. Tun daga nan ban kunna ba. Na gwammace in san muryar tana nan a rufe da in ji ta sau ɗaya in rasa. Yanzu ga yarinyar da ba ta tuna muryar ubanta tsaye a gabana, gobe kuma mota za ta tashi da ita.

Bayan azahar muka je shagon mai gyaran, ya goge kan na'urar, ya tura kaset ɗin a hankali. Hoton ya fito yana rawa, sai ga Yaya: "Salamu alaikum jama'a, a gyara zama, mai taba ya kashe." Rakiya ta damƙi hannun rigata ba ta saki ba.

Abin da ban yi tsammani ba, ita Faransancin fim ɗin da ke ƙasa take ji tsaf, ubanta da ke sama ne ba ta ganewa. Kowane lokaci sai ta taɓo ni: "Il dit quoi, tonton?" Wato me ya ce. Haka na zama tafintan tafinta. Na ce mata ya ce kyaftin ɗin nan ko tashar Adjamé ba zai iya riƙewa ba balle kumbo. Na ce ya ce a duba bayan dodon, ga ɗinkin tela nan a fili. Tana dariya tana share ido.

Sai aka zo wurin da na manta da shi sam. 'Yar kyaftin ta rage ita kaɗai a bayan ƙofar ƙarfe, muryar ubanta da dodon ya cinye tana kiranta daga waje. Yaya ya daina wasa, ya ce: "Ke yarinya, kada ki buɗe. Babanki ya mutu. Wannan murya ce kawai, babu kowa a bayanta."

Rakiya ta girgiza mini hannu tana jiran fassara. Na so in yi irin ta Yaya in ƙirƙiro mata wani abu, amma bakina ya ƙi, na faɗa mata yadda yake. Idonta na kan talabijin. Yarinyar fim ɗin ta kai hannu ta zare sakata. Yaya ya ja dogon tsaki, sannan ya sauke murya kamar ya manta ana naɗa: "Kai, ni ma da buɗewa zan yi."

Wannan ba ta nemi fassara ba. Kaɗan bayan nan hoton ya yi fari, na'urar ta fara tauna zaren, mai gyaran ya zaro shi a yamutse yana ba ni haƙuri. Rakiya ta karɓa ta naɗe a mayafinta.

In kun ci karo da fim ɗin nan, ba na ce ku ɓata lokacinku ba. Yaya bai bar gida ba, bai bar hoto mai kyau ba, kaset ɗin ma yanzu ya lalace. Abin da ya rage shi ne 'yarsa da na raka tasha washegari, ta leƙo ta tagar mota ta maimaita mini maganar nan tasa ta ƙarshe da Hausa, har da tsakin, ba ta kuskure ko harafi ba. Da motar ta fita na kama hanyar gida, sai wani can cikin hayaniya ya ɗaga murya yana kiran fasinjan Maradi, yana jan ƙarshen kalmar yadda Yaya ke ja. Na san sarai babu kowa a bayanta, amma sai da na juya.