Gwangwanin da ya kai ni gun Malam

Mun tashi da asuba daga unguwar Sintali a Jalingo, bayan an idar da salla, ni da maƙwabcina a cikin motar da na sha yi wa dariya. Saƙo ne ya iso daga ƙetaren Binuwai cewa malamin da ya kama hannuna ya koya mini rubutun ajami yana kwance, jiki ya yi tsanani, kuma sunana yake kira. Buƙatata ɗaya ce, in same shi da rai.

Ina da tawa motar, wadda muke kira Giwa. Tsohuwa ce mai ƙarfe kamar garma, in ka rufe ƙofarta sai a ji har unguwar Majidaɗi. Amma wahalar man nan ta zaunar da ita. Jarka ɗaya na samu bayan kwana biyu a layi, kuma wannan a wurin Giwa kurɓa ce. Maƙwabcin nawa, Mumuye ne mai gyaran jikin mota, ya ce mu zuba a tasa, wata 'yar kwatano da ya sayo bara.

Mu a nan in za mu gwada mota, ƙwanƙwasa jikinta muke yi da bayan yatsa. Na ƙwanƙwasa tasa, ta amsa kamar gwangwanin madara.

"Wannan za ta kai mu?" na tambaye shi.

"Malam, shiga kawai. Motar nan ba ya shan mai kamar naka. Kuma ka ɗaura bel."

Na ɗaura, ina ta ƙorafi cewa ba jirgin sama na hau ba.

Hanyar Lau tana nan yadda na san ta, rami yana bin rami. Duwatsu a bayanmu, gonakin doya da kunyoyinsu manya a gefe. A mararraba muka tsaya muka sha kunun gyaɗa mai zafi, muka sayi doya don gidan Malam. Ni kuwa idona na kan allurar mai. Da Giwa ce, da tuni ta sunkuya. Wannan ko motsi da ƙyar take yi. Sai na tuna shekarun da muke bin hanyar nan da buhunan shinkafa har rufi, mai yana arha, ba wanda ke tambayar me mota take sha.

A bakin kogi muka tarar da wata a-kori-kura ta nutse cikin yashi har ciki, masu fito sun ce ko ta fita ba za su ɗauke ta ba, ruwa ya ja baya, jirgi zai zauna. Tamu kuwa mutum huɗu suka tura ta kan katako zuwa cikin jirgin, muka haye. Na yi ta tasbihi, don na san da tawa na zo, da a nan tafiyar ta ƙare.

Ba mu yi nisa da ƙetarewa ba sai wani bijimi ya faɗo hanya daga cikin ciyawa. Maƙwabcina ya kauce masa, muka daki bakin kwalbati. Salati kawai na iya yi. Bel ya riƙe ni har kafaɗata ta yi zafi. Da muka fito, gaban motar ya tattare kamar takardar da aka murje, amma daga ni har shi ko ƙwarzane babu. Bafulatanin mai shanun ya iso a guje yana ta ba da haƙuri.

"Ka gani ko?" na ce. "Gwangwani."

Ya girgiza kai. "Haka aka yi shi da gangan, Malam. Gaba ya shanye duka, don kada ya iso wurinka. In ƙarfe ya ƙi lanƙwasa, mutum ne zai lanƙwasa."

Maganar ta same ni inda bai sani ba. Shekaru da suka wuce yayana ya daki kututture da Giwa. Fitila ɗaya ce ta fashe, har mutane suna zuwa kallon ƙarfinta. Shi kuwa sitiyari ya daki ƙirjinsa, kuma har ya koma ga Allah bai sake numfashi da daɗi ba. Duk shekarun nan motar nake yabo.

Muka ɗaura igiya daga gaban motar zuwa jikin bishiya, ya ja da baya a hankali har ƙarfen ya saki fankar injin. Makiyayin ya kawo ruwa a ƙwarya muka ƙara wa injin. Ta tashi. Muka ci gaba kamar masu rakiyar tsohuwa.

Da la'asar muka isa. Malam yana kan tabarma, ya rame, amma ya gane muryata. Ya sa aka ɗauko wasu takardu da na rubuta ina ɗalibi, ya nuna mini inda ya gyara da jan tawada, ya ce in riƙe. Na karanta masa abin da ya sauwaƙa, ya sa mini albarka, ya sa wa maƙwabcina. Kwana biyu bayan haka Allah ya karɓi abinsa, ina cikin waɗanda suka ɗauke shi. Allah ya jiƙansa.

Mun dawo Jalingo da sauran mai a tanki. Giwa tana inda na bar ta, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta. Har yanzu ina son ƙarar ƙofarta, kuma ban jin zan iya sayar da ita. Amma tafiyar nan ta koya mini cewa ba nauyi ne amana ba. Jiya wani ɗan'uwa ya kawo mota in gwada masa. Na ɗaga yatsa zan ƙwanƙwasa, sai na mayar da hannuna aljihu, na ce ya kira maƙwabcina.