Gaɗa a Kan Siminti

Duk sanda na wuce inda ake gini na ji ƙamshin sabon siminti da aka yayyafa wa ruwa, sai gabana ya faɗi. Bari in gaya maka dalili, tunda tsufa ya rage mini kunya.

Muna yara a Birnin Kudu, wuraren wasa uku ne. Akwai filin ƙwallon 'yan makaranta da ragarsa da ta sha ɗinki. Akwai fagen dambe a bayan kasuwa, wanda ba ya cika sai bayan girbi. Sai dandalinmu na 'yan mata, rairayi mai laushi a gindin tsamiya. A nan muke gaɗa da la'asar: mu jeru muna tafi, mai ba da waƙa ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, mu cafe ta mu cilla ta gaba. In tsokana ta motsa, sai mu janye hannu ta sha ƙasa, a yi dariya, ta karkaɗe zaninta. Ni ce mai ba da waƙa a unguwarmu, kuma ina ji da kaina.

Da kuɗin fetur suka fara shigowa, aka gina ɗakin taro mai rufin kwano da dandamalin siminti. Aka ce manyan baƙi za su zo daga Kano, 'yan matan unguwarmu ne za su yi musu gaɗa. Ban ma tambayi wa za ta ba da waƙa ba.

Sai ga taubashiyata, 'yar gwaggona, ta zo mana daga Gwaram. Ranar da ta fara buɗe baki a dandali, mata masu daka suka tsayar da taɓarya. Malamar da ke shirya mu ta ce ita za ta ba da waƙa, ni in tsaya tsakiyar masu cafewa, wai ina da ƙarfin hannu. Ƙarfin hannu, sai ka ce 'yar dako. Abin da ya fi ci mini rai, kakarmu ta fito da zanen saƙin da na shekara ina roƙo, ta ɗaura mata.

"Baƙonka annabinka," ta ce da ni.

Ranar wasa ɗakin ya cika maƙil. Ta faɗo sau ɗaya, na cafe. Ta sake faɗowa, na cafe, tafi ya kaure, duk nata ne. A na uku na janye hannuna. Wallahi rairayi nake gani a raina. So nake a yi mata dariya kawai. Na manta ba a gindin tsamiya muke ba. Har yau ina jin ƙarar gwiwar hannunta a kan simintin nan, kuma ba wanda ya yi dariya.

Na ce gumi ne ya sa hannuna santsi. Kakarmu ta kama tafina ta shafa, ta ji shi a bushe, ta sake shi. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma hannun bai sake miƙewa sosai ba. Aka mayar mini da waƙata a dandali, ban ƙara jin daɗinta ba.

Yanzu shaguna sun cinye dandalin, yara a gidan kallo suke ganin ƙwallo, ɗakin taron kuwa sai biki. Bara na je Gwaram gaishe da taubashiyar tawa. Muka sha hira da tsokanar taubasai kamar kullum. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Da aka kira la'asar ta yunƙura za ta tashi daga tabarma, na miƙa mata hannu. Ta dube shi, ta yi murmushi, ta dafa bango.

"Bar shi, 'yar kawu," ta ce. "Shi bango ba ya janyewa."