Verna Koskela, Mai Hana Maza Kwanciya

Kafin masu sayar da kofi na bakin tashar jiragen ruwa ta Westport su ɗaga ƙyauren shagunansu, Verna Koskela ta riga ta sauka cikin jirgin Marit Elise da kwandonta. Ba murhu take fara kunnawa ba. Sai ta buɗe tagogin kicin duka, ta goge duk inda man gas ya ɗiga, ta fitar da tsumman jiya waje, don a wurinta wari shi ne mafarin masifa. Sannan ta jera koren tuffa da busasshen biskit mai gishiri da cittar da ta dafa da sukari a gida, ta koma bakin tsani ta tsaya tana kallon masu shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya kwana a mashaya ta gane shi. Wanda ya zo ciki ba komai, wai don kada ya sami abin amayarwa, ta gane shi. Wanda yake cika baki cewa shi teku ba ta taɓa yi masa komai ba, shi ta fi sa wa ido. Kowa sai ta tambaye shi ko ya sha ƙwayar jiri, mai hana tashin zuciya a teku, tun jiya kafin ya kwanta. In ya ce yanzu zai sha, sai ta ce ya jefa wa kifi kai tsaye ya hutar da kansa, tunda can za ta ƙare.

Shekara talatin da ɗoriya tana wannan aiki a jirgin da ke kai masu son kamun kifin tuna can nesa, inda ba a ganin ƙasa, kuma bana ta ajiye, gwiwoyi sun ƙi. Mu nan ba mu iya yabon mai girki ba. Je ka bangon ofishin kowane jirgi, hotunan maza ne riƙe da kifi suna washe baki, rabinsu kuwa da ba don Verna ba, a kwance za su yi tafiyar suna kiran uwayensu. Hotonta babu ko ɗaya, kuma abin yana ci mini rai.

A tambayi Wendell Pruitt. Shekarunsa sun haura arba'in lokacin da aka rufe masana'antar katakon da ya yi rayuwarsa a ciki. Ya buga nan ya buga can, shiru. Matarsa Darlene ta fara tara kwalaye a falo, don yayanta ya ce su koma wurinsa can nesa da teku, akwai ɗaki a bayan gida. Wendell ba ya son barin garin da aka haife shi, ba ya kuma son zama a bayan gidan wani. Sai aka ce Kyaftin Orval Tveit na Marit Elise yana neman ma'aikaci. Kowa a tasha ya san ƙa'idar Orval: sabon ma'aikaci tafiya ɗaya ake gwada shi. In ya yi amai ba laifi, in dai ya goge baki ya koma aiki. Amma in ya sauka wurin gadaje ya kwanta, ko na ɗan lokaci ne, ba a yi masa faɗa, ba a kuma sake kiransa.

Wendell ya zo da irin kuskuren da mazan garin nan kaɗai suke yi. Ya ji kunyar shiga kantin magani ya sayi ƙwayar jiri, kada a ce ɗan bakin teku yana tsoron ruwa. Ya ƙi cin komai. Da Verna ta tambaye shi a bakin tsani, ya ce ya sha. Ta dube shi sama da ƙasa, ta cusa masa biskit a aljihu.

Matsalar tasharmu ita ce bakin fita, inda ruwan cikin gari yake karo da na teku. A nan jirgi yake ɗagawa ya faɗi, ya karkata, ya sake ɗagawa. Kafin su wuce wurin, Wendell ya fara hamma ba ƙaƙƙautawa, miyau ya cika masa baki, gumi mai sanyi ya keto masa. Aka ba shi ƙugiyoyi ya ɗaura, ya sunkuya yana zura zare a ƙaramin rami, abin ya ƙara tsananta. Arlo, tsohon ma'aikacin jirgin, wanda bakinsa ba ya shiru, ya leƙo fuskarsa.

"Wendell, in ce Verna ta soyo maka kitse da ƙwai ruwa-ruwa? Ka yi kore, mutumina, har ka fi tuffarta."

Baƙi suka kwashe da dariya. Wendell ya yi yaƙe, ya sulale ya shige banɗaki ya kulle ƙofa. Babu wurin da ya fi shi muni a jirgi: ba taga, ba iska, bango yana rawa a gaban idonka. Ya durƙusa ya yi ta kakari, ba abin da ke fita sai kumallo. Daga inda yake zuwa tsanin da ke sauka wurin gadaje, taku kaɗan ne. Ya tuna kwalayen Darlene, ya ga ko a jikinsa. A lokacin nan da za a ce ya zaɓa tsakanin garinsu da shimfiɗa, shimfiɗa zai ɗauka.

Ya buɗe ƙofa ya nufi tsani, sai ya tarar da Verna a tsaye ta tare hanya da cokalin miya a hannu.

"Ina zuwa, ɗan nan?"

Ya ce zai ɗan miƙe bayansa ne kawai.

"In ka sauka nan, ka sauka ke nan. Juya."

Ta kama shi a wuyan riga ta fito da shi tsakiyar jirgi, inda jijjiga ta fi sauƙi, ta juya fuskarsa ga iska. Ta ce ya kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, kada ya kalli hannunsa, kada ya kalli ƙasa, ya saki gwiwoyinsa su riƙa bin jirgin. Ta nuna masa ɓangaren da zai juya in abin ya taso, inda iska za ta tafi da shi maimakon ta mayar masa a fuska. Ta sa ya gutsiri biskit, ya kurɓi ruwa kaɗan, ya tsotsi citta. Duk wannan ta sha yi wa mutane, kuma yawanci yana isa. Wendell kam bai ishe shi ba. Yana ta zamewa a hankali a jikin ƙarfen gefe, ga sauran tafiya mai nisa kafin a kai wurin kifi. Ta san in ya zauna zai kwanta, ta kuma san Orval yana kallo ta gilashi.

Akwai magani ɗaya da ya rage, duk mai shiga teku ya san shi: wanda yake riƙe da sitiyari jiri yakan sake shi, don idonsa yana ganin igiyar ruwa kafin ta iso, jikinsa yana shirya mata. Sai dai sitiyarin Orval ba a taɓa shi. Arlo da ya tsufa a jirgin bai taɓa ɗora hannu a kai ba, balle baƙon jiya.

Verna ta ce wa Arlo ya riƙe mata mutumin nan a tsaye, in Wendell ya faɗi, da shi Arlo za ta yi. Ta hau ɗakin tuƙi ta ja ƙofa. Waɗanda suke wurin sun ce ta gilashi sun ga Orval yana girgiza kai yana nuna ƙofa da yatsa. Sun ga Verna ta matsa kusa da kunnensa ta faɗi wata magana gajera. Sun ga tsohon ya cire hula ya mayar. Can sai ya leƙo ya ƙwala kira, ya ce a hawo masa da sabon nan.

Ya tsayar da Wendell a gaban sitiyari, ya nuna masa inda zai sa hancin jirgi, ya ce in ya kauce zai jefa shi a ruwa da takalmansa. Wendell ya riƙe da hannu biyu. Igiyar farko ta zo, ya gan ta, ya tare ta. Ta biyu ma haka. A hankali gumin ya bushe, cikin ya lafa, har ya ji yana son ragowar biskit ɗin aljihunsa. Da aka isa wurin kifi ya sauko da ƙafarsa. Ya yi amai sau da dama a ranar, amma duk a tsaye, a ɓangaren da aka nuna masa, yana gamawa ya koma jan kifi da zuba ƙanƙara. Da suka dawo tasha Orval bai yaba masa ba, cewa kawai ya yi gobe kada ya makara. Darlene ta mayar wa mai kanti kwalayensa.

Yau Wendell ne yake tuƙa Marit Elise, Orval ya koma gida yana fama da lambu. Abu ɗaya ne ya hana Wendell sakat duk shekarun nan: me Verna ta raɗa wa tsohon? Ya tambaya ya gaji, kullum sai ta ce ya je ya wanke jirginsa. Ga shi kuma jirin bai rabu da shi ba har yau, duk ranar da teku ta tashi sai ya ji shi, yana ɓoyewa yana jin kunya, yana ganin shi kaɗai ne ragon tasha.

Ranar da aka yi wa Verna walimar sallama a bakin tasha, ana cin gasasshen kifi da dankali, ya sake tambaya a gaban kowa. Verna ta ci gaba da cin abincinta. Orval ne ya ajiye cokali.

"Ce mini ta yi in ban ba ka sitiyari ba, za ta gaya wa duk tashar nan abin da nake yi a bayan ɗakin tuƙi in an tsaya kamu. Kuna can idonku a kan kifi, ni ina can ina amayar da hanjina. Tun ina saurayi haka nake. Kun zaci son tuƙi ne ya hana ni ba wa kowa?"

Arlo ya kusa shaƙewa. Da dariya ta lafa, Wendell ya juya ya tambayi Verna yadda aka yi ta sani, ita da kullum tana kicin.

"Ai tare muke yi," in ji ta. "Shi yana dama, ina hagu. In mun gama in koma in soya muku ƙwai."

Ba wanda ya yi dariya a karo na biyu. Kowa ya tuna kicin ɗin nan: ɗan ƙuƙumin ɗaki, zafin murhu, warin mai, tukunya tana zamewa. Wendell ya tashi ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba.

Verna, ke ce kika shekara talatin kina girka abincin da ganinsa ma yake tayar miki da zuciya, kika ciyar da mu muna cika baki. Ke ce kika tare tsani da jikinki. Ba ki warkar da kowa ba, don abin ba ya warkewa, amma kin koya wa mutane su yi aiki da shi a tsaye, kuma akwai gidaje a garin nan da ba a kulle ba saboda ke. Mun gode, kuma mun makara da godiyar.

Kaka mai zuwa jirage za su fita, kicin ɗin Marit Elise ba kowa, Wendell yana ta neman mai girki bai samu ba, hankalinsa a tashe yake, namu ma haka. Kafin a samu, aikin ya dawo kanmu. In ka ga na kusa da kai ya fara hamma, fuskarsa ta sauya, ka haɗiye dariyarka. Ka kama shi ka fito da shi iska, ka nuna masa inda zai kalla, ka tsaya kusa da shi. In kai ma cikinka yana juyawa, ka gaya masa.